Kanwar Tafkin Chadi: darasin kimiyya a tukunyar wake

Jama'a, kanwar da iyayenmu mata ke jefawa cikin wake ta girmi Maiduguri kanta, wadda aka kafa a 1907. Tun kafin zuwan Turawa Buduma ke ɗauko ta a jiragen ciyawa daga gaɓar Kanem zuwa Baga, fatake su wuce da ita Kano.

Daga ina take? Kogin Shari ne ke kawo wa tafkin mafi yawan ruwansa, ɗauke da gishiri kaɗan-kaɗan. Ruwan ya tsiyaya cikin kwaruruka, rana ta shanye shi, kanwa ta daskare. Ita ce sodiyam kabonet ɗin da yaranmu ke haddacewa a makaranta, alhali tana madafin gidansu. Shi ya sa take kashe tsamin yakuwa. A ɗiga ruwanta cikin zoɓo, jan ya koma duhu nan take. Mu dai a ganinmu da wannan ya kamata malamai su fara.

Tafkin kuwa ya sha wuya. A 1963 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan nesa da Baga, masunta da dama suka koma shuka masara da wake inda dā suke jefa koma.