Wa ke horar da ɗan sa kai, wa ke biyansa? Abin da tarihin Maraɗi ya koya mana

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙasashen Turai da dama suka tsuke bakin aljihu, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Ƙungiyoyi masu zaman kansu sun ji a jikinsu: horo ya ragu, kuɗin zama ya ragu, wasu 'yan sa kai sun ajiye aiki. To amma ba yau ne farau ba. Shekara sittin ke nan ana gwada dabaru iri-iri a ƙasar Maraɗi, kuma kowace ta bar darasi.

Kafin zuwan kowane furoje, muna da gayya. A Tsibirin Gobir da Katsinar Maraɗi, sarkin samari ke tara matasa a yi noma ko gini, mai aiki ya kawo fura da tuwo. Yaro na koyon aikin a wurin na gaba da shi, ladan kuwa shi ne ran da taka ta taso, a zo maka.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kawo animasiyo, ta kuma kafa UNCC a 1962 domin harkar kwaperatif da bashin manoma. Gari ne ke zaɓen mutanensa, a kai su horo na 'yan kwanaki, su dawo su faɗakar ba tare da albashi ba. A nan jahar Maraɗi aka soma gwada sakuris da ungozomomi a shekarun 1960. Sakuris na samun horo na wajen kwana goma, a ba shi akwatin magani mai ɗauke da nibakin da aspirin da maganin ido, ya sayar da araha ya sake cika akwatin. An so gari ya riƙa taimaka masa da aikin gona. Inda aka yi hakan, kuma malamin likita na zagayowa, aikin ya ɗore. Inda aka bar shi da gonarsa da iyalinsa, akwatin ya ƙare, shi kuma ya tafi cin rani.

Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya raya samariya. An gina azuzuwan lakwal, an share gari, an dasa itatuwa, amma umarni daga sama yake zuwa. Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a 1991, sai samariyar gwamnati ta watse. A zamaninsa ne kuma aka yi dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, wadda aka gyara a 1991, ƙungiyoyin ONG suka yawaita.

Babban Furojen Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya zuba wa kuɗi tun ƙarshen shekarun 1970, ya kashe kuɗi kan horo. Ana ɗaukar saurayi da matarsa su yi damina guda a cibiyar koyon noma, su koma gida da shanu da garma a kan bashi, don su zama abin koyi. Fari ya zo, bashi ya ƙi biyuwa, bankin manoma CNCA ya durƙushe. Amma dubi gandun noman rani na Jiratawa, mai kimanin hekta 500, da aka buɗe a farkon shekarun 1980. Duk da wahalar kuɗin lantarki da lalacewar famfuna, har yau ana noma, saboda manoman na biyan kuɗin ruwa, kwaperatif ɗinsu ke riƙe da shi tare da ONAHA.

Lokacin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, ƙungiyar SIM ta riƙa ba da abinci ga wanda ya bar tohon itatuwa a gonarsa, dabarar da Tony Rinaudo ya yaɗa. Da abinci ya tsaya, da yawa suka sare. Waɗanda suka ga amfanin itacen girki da harawa suka ci gaba, maƙwabci na koya wa maƙwabci. Haka sassabin zamani ya bazu.

Sai Mata Masu Dubara, da CARE ta soma a jahar nan a 1991. Ba a ba matan jari ba. An ba su horo na wasu watanni kan zubi, ba da bashi, tara da rabon asusu. Daga baya aka horar da wasu daga cikin jama'ar gari, su riƙa koya wa sabbin ƙungiyoyi, ƙungiyar da ke son horo ita ke sallamar mai koyarwa daga zubinta. Wannan dabara da ta tashi daga ƙauyukanmu, yau ana aiki da ita a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya.

Me muka gani ke nan? Horon da aka jingina ga fardiyam yana mutuwa tare da furoje. Wanda jama'a suka ga ribarsa, suka sa hannu a aljihu, shi ke tsallake shekaru. Kuma ɗan sa kai mutum ne mai iyali: ko babu albashi, kuɗin kabu-kabu da na waya dole su fito daga wani wuri.

Ƙofofin horo ba su rufe ba. Kurwa Ruj ta Nijar na koyar da agajin gaggawa, CSI na horar da masu faɗakarwa kan lafiya, akwai zauren manoma na jaha, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da asusun FAFPA. Sai dai kafin ƙungiya ta nufi can, ta tabbata takardunta sun cika, tana da littafin kuɗi da kowane mamba zai iya dubawa, ta ware wani kaso na zubin wata don horo da zirga-zirgar 'yan sa kai, ta kuma kai buƙatarta ga ma'aikatar magajin gari. Wanda aka tura horo kuma, ya dawo ya koya wa saura, kada ilimin ya tsaya a takardar shaida.