Daga Zaruma zuwa intanet: wa ke gaya wa mutanen Jabo inda kuɗinsu ya tafi?

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihunmu.

A zamanin En'e, in hukuma na da magana, hanyarta a bayyane take. Daga fadar Sarkin Musulmi zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, sannan mai shela ya zagaya gari ko ya tsaya a kasuwa. Ba yabon tsarin nake ba, domin yawancin saƙon umarni ne: haraji, jangali, aikin hanya. Talaka ji yake yi, ba ya tambaya. Amma dai saƙon yana isowa, kuma da harshen da kowa ke fahimta.

Daga baya takarda ta shigo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, mu kuma a lardin Sakkwato tamu ita ce Zaruma. Ku duba fa, shekara saba'in da suka wuce an riga an gane cewa wanda ya koyi karatu yana bukatar labarin yankinsa da Hausa.

A 1976 gwamnatin soja ta yi garambawul, aka rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a faɗin ƙasa. Hujjar ita ce a kawo gwamnati kusa da jama'a. Yau sun kai 774, 23 a jihar Sakkwato, ciki har da Tambuwal da Kebbe. Kuɗinsu kuma ba kaɗan ba ne, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya nasu ne.

To ga inda abin ke ba ni mamaki. Tun 2004, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala a ma'aikatar kuɗi, aka fara buga wa duniya abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta samu duk wata. Har yanzu Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na sa waɗannan alƙaluma a shafinta. Wato yaron da ke zaune a Jabo da 'yar wayarsa zai iya gano nawa Abuja ta ware wa Tambuwal. Amma nawa aka kashe a rijiyar burtsatse, wane ɗan kwangila aka ba rufin aji, yaushe zai gama? Nan hanya ta ƙare. Yawancin ƙananan hukumomin ƙasar nan ba su da shafin kansu. Masu shi kuma, me za ka tarar? Hoton ciyaman, jawabin maraba da Turanci, tarihin gari sakin layi biyu, da lambar wayar da ba ta shiga. Shafin Facebook ɗin ma yawanci ziyarar ban girma ce da ta'aziyya.

Harkar makarantu ta fi ciwo. Dokar UBE ta 2004 ta tsara abin hawa uku: UBEC a Abuja, SUBEB a jiha, sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda ita ce ke kusa da firamaren unguwarku. Ita ta san malamai nawa aka tura kowace makaranta, su waye ke zuwa, aji nawa ne iska ta yaye wa kwano. Wannan bayani yana cikin fayil, domin ana aika shi sama. Ƙasa ne ba ya saukowa. Uba ya tura ɗansa makaranta, bai san malamai takwas ne a takarda ba alhali uku yake gani. Da jerin nan na kan shafi, ko a manne a jikin bangon makaranta, malamin bogi ba zai kwana biyu ba.

Na san wani zai ce, ina sabis, ina wuta, su wa za su karanta? Ai Zaruma ma ba kowa ke karanta ta ba. Mutum ɗaya ke karantawa a dandali, goma su saurara. Yau mutum ɗaya ya buɗe shafin, ya naɗi murya ya jefa a WhatsApp, kafin la'asar ta zagaye Dogon Daji. Shafin da nake nufi mara nauyi ne, wanda ƙaramar waya za ta buɗe, da Hausa, ɗauke da abin da ya shigo da abin da ya fita.

Kuma wannan ba alfarma ba ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi su riƙa fitar da irin wannan bayani da kansu, in kuma ka rubuta ka nema, kwana 7 ta ba su su amsa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Da can ciyaman na iya cewa kuɗin sun maƙale a Sakkwato. Duk ranar da hukuncin nan ya fara aiki sosai, sakatariya ce kaɗai wurin da za a kai tambaya, kuma takardar neman bayanin ba ta wuce shafi ɗaya: sunanka, abin da kake son gani, da kwanan wata.