Lucio Dalla da Zamanin da Kamfanin Faifai Yake Rainon Mawaƙi

Tambayar da ya kamata matasan da suka shigo sana'ar waƙa a Italiya su yi wa tsofaffin ma'aikatan ɗakunan naɗar sauti ita ce yadda aka yi kamfanin RCA Italiana ya jure wa Lucio Dalla har shekara bakwai ba tare da ya ga cinikin a zo a gani ba, kuma tambayar kanta ta isa ta nuna girman abin da sana'ar ta rasa. Dalla, wanda aka haifa a Bologna ranar 4 ga Maris 1943, mabushin kilarinet ne, wato wata irin sarewa ta Turawa, a ƙungiyoyin kiɗan jaz, har sai da Gino Paoli ya ji muryarsa ya matsa masa lamba ya kama waƙa. Faifansa na farko ya fito a 1964 bai samu kasuwa ba, haka kuma fitowarsa a gasar Sanremo a 1966 da 1967 ba ta sauya masa komai ba.

Abin da ya riƙe shi a waɗannan shekaru shi ne al'adar raino da ta kafu a harabar kamfanin da ke kan titin Tiburtina a Roma, ƙarƙashin jagorancin Ennio Melis. A nan ne irin su Ennio Morricone da Luis Bacalov suke tsara wa mawaƙa kiɗa, kuma a nan aka ƙirƙiro kalmar cantautore a wajajen 1960, ma'ana mawaƙin da yake rera abin da shi da kansa ya tsara. Yaro yakan fitar da ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska, ya faɗi, a sake ba shi ɗaki da makaɗa, domin manyan gidan sun yi imani cewa murya tana nuna ne kamar 'ya'yan itace, kuma wanda ya tsinke ta ɗanya shi ya yi asara.

Haƙurin ya biya a 1971, lokacin da waƙar "4/3/1943" ta zo ta uku a Sanremo. Paola Pallottino ce ta rubuta baitocin, labarin yarinyar da ta haifi ɗa ga wani sojan ƙetare da ya mutu bai ga ɗan ba, kuma asalin sunan waƙar "Gesù bambino" ne, sai masu tace waƙoƙi suka ƙi shi, aka maye gurbinsa da ranar haihuwar Dalla. A 1972 "Piazza Grande" ta biyo baya. To a daidai wannan gaɓa, da kowane ɗan kasuwa zai ce a ci gaba da bugun ƙarfe da zafinsa, Dalla ya juya wa kasuwa baya ya koma almajiranci a hannun Roberto Roversi.

Roversi marubucin waƙoƙi ne na Bologna, mai kantin tsofaffin littattafai da ake kira Palmaverde, wanda ya kafa mujallar Officina tare da Pier Paolo Pasolini da Francesco Leonetti a 1955. Shi yake rubuta baitoci masu nauyi a kan ma'aikatan masana'antu da gurɓatar birane da motar da ta mamaye rayuwar mutanen Italiya, Dalla kuma ya nemo musu kari, ko da baitin ya yi tsawon da numfashi ba ya ɗauka. Faifai uku suka haifa: "Il giorno aveva cinque teste" a 1973, da "Anidride solforosa" a 1975, da "Automobili" a 1976, wanda yake ɗauke da waƙar direban tsere Tazio Nuvolari. Gaskiya ta wajabta a faɗa cewa rainon bai rasa aibi ba, domin an cire wasu waƙoƙi daga faifan na uku, abin da ya ɓata wa Roversi rai har ya ƙi sa sunansa, ya sa hannu da laƙabin Norisso.

Masu sauraren yau sun fi sanin "Caruso" ta 1986, wadda Dalla ya tsara bayan jirgin ruwansa ya lalace a kusa da Sorrento, ya sauka a ɗakin otal ɗin da mawaƙi Enrico Caruso ya yi jinya a 1921, kuma muryar Luciano Pavarotti ta taimaka wajen kai ta duniya. Sai dai hannun da ya iya rubuta wannan waƙa a teburin Roversi ya koyi riƙon alƙalami. Bayan rabuwarsu ne Dalla ya keɓe kansa a tsibiran Tremiti ya rubuta "Come è profondo il mare" a 1977, faifan farko da dukan baitocinsa nasa ne, yana da shekara 34 a duniya. Daga nan aka samu "L'anno che verrà" da rangadin Banana Republic tare da Francesco De Gregori a 1979, sannan "Futura" a 1980.

Shekara 13 ke nan tsakanin faifan farko da ranar da ya zama cikakken cantautore, alhali a yau ana ɗauko yaro daga gasar talabijin, a auna shi da yawan waɗanda suka latsa waƙarsa a intanet cikin mako guda, in adadin bai kai ba a sallame shi kafin ya san muryarsa. Dalla ya rasu a Montreux ranar 1 ga Maris 2012, aka yi jana'izarsa a Bologna ranar da zai cika shekara 69, Roversi kuma ya bi shi a watan Satumba na shekarar. Matashin da yake son fahimtar sana'ar nan ya fara da sauraren waɗancan faifai uku na Roversi kafin ya kai ga "Caruso".