Kumburin tsakiyar ido bayan aikin yana ga masu ciwon sukari

Yanar ido, wadda a Sudan ake kira "moya baida", tana kama mai ciwon sukari da wuri fiye da sauran mutane. Aikin cire ta ba ya ɗaukar lokaci, gani kuma kan dawo cikin 'yan kwanaki. Sai dai ga mai sukari akwai matsalar da kan biyo baya: kumburin makula, wato tsakiyar tantanin da ke can bayan ido, wadda da ita ake karatu ake gane fuska.

Sukari yana raunana ƙananan jijiyoyin jinin wannan tantani. Bayan tiyata sai su riƙa yoyo, ruwa ya taru a tsakiya. Babu zafi, ido ba ya ja. Hazo ne kawai zai dawo, miƙaƙƙen layi ya karkace, haruffan Alƙur'ani su cakuɗe, galibi tsakanin mako 4 zuwa 12 da yin aikin.

Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan idanu 81,984 a Birtaniya ya nuna haɗarin ya kusan ninki 2 ga mai sukarin da tantaninsa ke lafiya, ya haura ninki 6 idan sukari ya riga ya taɓa tantanin.

Nan ne abin ya shafi mutanen Mai Wurno kusa da Sennar da ƙauyukan Hausawa na Jazira da Damazin. Ayarin likitocin da ke aikin ido kyauta kan yi kwanaki kaɗan ya tashi, kumburin kuwa sai bayan tafiyarsu yake bayyana. Ga shi yaƙi ya ɗaiɗaita asibitocin Wad Madani, wadda ta kasance hannun dakarun RSF daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025, magani ya yanke wa masu sukari da yawa.

Don haka a gaya wa likita akwai sukari tun kafin aiki, a nemi ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya duba bayanta, a yi hoton OCT inda akwai na'urar. Idan an sami kumburi, shi ake fara magancewa. A daidaita sukari da hawan jini, a kuma koma dubiya bayan wata guda ko da gani ya washe.

Ana maganinsa da ɗigon rage kumburi irin su nepafenac, ko allurar cikin ido kamar Avastin, wadda akan maimaita wata-wata. Idan ruwan ya daɗe a makula, ganin da ya tafi ba lallai ya dawo duka ba.