Gonar Bittersweet: Yadda Wata Malama Ta Samar wa Ɗalibanta Makoma

A shekarun 1970, Bettye Ruth Kay tana koyar da matasa masu lalurar galahanga, wato otizam, a makarantun gwamnati na birnin Toledo da ke jihar Ohayo ta Amurka. Abin da ya hana ta sakat shi ne makomarsu. Wata doka ta 1975 ta ba su haƙƙin karatu, amma da sun haura shekara 21 sai a sallame su, wasu su koma zaman kashe wando a gaban iyayen da ƙarfinsu ya fara ƙarewa, wasu a kulle su a manyan cibiyoyin gwamnati.

Ta samu haske daga Ingila, inda Sybil Elgar ta buɗe Somerset Court a 1974, mazaunin manya masu wannan lalura na farko a ƙasar. Kay ta haɗa kai da iyayen yara da masu hannu da shuni, aka samu fili eka 80 a Whitehouse, kusa da Toledo. A 1983 Bittersweet Farms ta buɗe ƙofa, ita ce irinta ta farko a Amurka.

Hikimar tana cikin aikin kansa. Mai wannan lalura yakan natsu idan ya san abin da zai biyo baya, gona kuwa ba ta saɓa tsarinta: a ba dabbobi abinci da safe, a yi ban ruwa, a tsinko abin da ya nuna. Wanda magana ke yi wa wuya yana ganin amfanin guminsa da idonsa. Ma'aikaci kuma ba ya tsayawa gefe yana ba da umarni. Idan itace za a yanka, shi ya kama zarto ta nan, abokin aikinsa ya kama ta can. Da tafiya ta yi tafiya aka ƙara sassaƙa, saƙa da zane, ana sayar da kayan lambu ga mutanen gari, aka kuma buɗe rassa a Lima da Pemberville.

Ba a rasa masu suka ba. A 2014 hukumar da ke kula da kuɗin shirin kiwon lafiya na Medicaid ta sa irin waɗannan gonaki cikin wuraren da ka iya ware naƙasassu daga jama'a. Damuwar tana da tushe, amma iyaye da yawa sun ce 'ya'yansu sun fi kaɗaita a gidajen haya na cikin birni. A 2019 hukumar ta sassauta, ta koma auna kowane wuri da irin rayuwar da mazaunansa ke yi.