Farfesun kifi da mahaɗansa: Abin da ya dace a ci da shi

Mahaɗi shi ne duk abin da ake ajiyewa kusa da babban abinci domin ya cika shi. A wajen farfesun kifi, aikin mahaɗi uku ne: ya tsotse romo, ya kwantar da zafin yaji, ya kuma riƙe ciki, domin kifi kaɗai ba ya ƙosar da taro sai an kashe kuɗi masu yawa. Maigidan da ya tara baƙi a unguwar Kusugu ko wata unguwa a birnin Daura ya san cewa tarwaɗa huɗu za su iya isar mutum goma, za kuma su iya kasa isar biyar. Bambancin yana wajen abin da aka haɗa su da shi.

Daura tana nesa da teku, tazarar fiye da kilomita 1,000 daga Legas. Kifin da ake samu ɗanye, irin su tarwaɗa da karfasa, yana fitowa ne daga madatsun ruwa na kusa kamar Sabke da Daberam, da kuma tafkunan masu kiwo. Sauran kuwa bandar kifi ce daga yankin Hadeja da Nguru da Tafkin Chadi, sai kifin ƙanƙara irin sukumbiya.

Yadda ake yi a kudancin Amurka

A wasu gidajen abinci na Abuja da Legas yanzu ana sayar da wani dafaffen haɗin naman ruwa da aka aro daga kudancin Amurka, kuma hotunansa sun cika kafofin sada zumunta. Asalinsa girkin taro ne. A jihar Louisiana ana tafasa wani irin jatan lande na ruwan daɗi a babbar tukunya tare da dankalin Turawa da ɗanyar masara da albasa da tafarnuwa da lemun tsami da barkono, a tsame, a juye a kan teburin da aka shimfiɗa wa jarida, kowa ya sa hannu. A gaɓar jihohin South Carolina da Georgia jatan landen teku ake amfani da shi. A gefe ana ajiye kwaɗon kabeji, da burodin garin masara, da soyayyen curin masara mai kama da ƙosai, wani lokaci da jar shinkafa ko kuɓewa. Waɗannan biyu na ƙarshe suna da alaƙa da girkin al'ummar Gullah, jikokin mutanen Yammacin Afirka da aka kai can bauta.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi ya sani kafin ya saya. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, jatan lande da ƙaguwa halal ne kamar sauran dabbobin ruwa. Matsalar tana cikin tukunyar: a ainihin girkin ana zuba tsiren hanji na naman alade, wasu kuma suna ƙara giya a ruwan dahuwar. Tsame naman bayan ya dahu ba ya gyara komai, tunda a ruwa ɗaya aka dafa duka. Sai a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

In aka cire wannan, tsarin bai yi nisa da namu ba, kuma kusan kowane mahaɗi nasu yana da takwara a kasuwar Daura.

Masu tsotse romo

A nan gurasa ce kan gaba, kuma ba don suna kawai ba. Cikinta yana da ƙananan ramuka da ke shan romo ba tare da ta narke nan take ba, saɓanin burodin leda mai sukari, wanda ke zama kunu da zarar ya jiƙa, zaƙinsa kuma ya yi karo da citta da masoro. Gurasar da ta kwana ɗaya ta fi sabuwa dacewa. Amma kada a yi bandashe da ita, domin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa za su danne ɗanɗanon kifin.

Masa da sinasir suna biye. Ɗan tsamin da ƙullunsu ke yi bayan ya kwana yana rage ƙarnin kifi, kamar yadda lemun tsami ke yi, sai dai a rage sukarin da aka saba zubawa. Alkubus ma ya dace. Funkaso kuwa ya cika maiƙo idan tarwaɗa ce, ita da kanta mai kitse ce. Ya fi dacewa da karfasa.

Dambu da farar shinkafa suna da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Idan aka marmasa kifi a cikinsu ƙaya takan ɓace wa ido, musamman ta karfasa mai yawa da kaifi. Inda akwai yara ko tsofaffi, gara a zuba a kwano daban, a kuma ci a wurin da ke da haske.

Masu shiga tukunya

Dankalin Turawa, wanda yawancinsa daga Filato ake kawowa, da doya da dankalin Hausa da ɗanyar masara, duk ana iya dafa su a cikin romon. Ƙa'idar ita ce lokaci. Dankali yana buƙatar kamar minti 20, yankakken kifi kuwa bai wuce 10 zuwa 15 ba. Wanda ya zuba su tare zai sauke ko dai dankali mai tauri ko kifin da ya dagargaje. A fara da doya ko dankali, masara ta biyo, kifi ya zo ƙarshe, kuma daga nan a daina juyawa da ludayi, a riƙa girgiza tukunyar a hankali. Rogo kuwa a dafa shi daban, a zubar da ruwansa.

Ganye da abin sha

Takwaran kwaɗon kabejin Amurkawa a wajenmu shi ne kwaɗon zogale ko na rama, ko haɗin lansir da latas da tumatir da albasa. A rage masa yaji, domin aikinsa sanyaya baki ne. Gurji da aka matsa wa lemun tsami shi ne mafi sauƙi da araha. Ganyen da za a ci ɗanye dole a wanke shi da ruwa mai tsabta, musamman da damina lokacin da cutar amai da gudawa ke yaɗuwa. Haɗin da aka sa wa mayonis kuwa kada ya daɗe a waje a zafin bazara.

Zoɓo mai citta da lemun tsamiya su ne suka fi tafiya da farfesu, kankana ta biyo baya. Akwai masu gudun haɗa kifi da nono saboda tsoron ciwon fata, abin da ba shi da hujja a likitance. Dalilin jinkirta fura da nono ya fi wannan sauƙi: nauyi gare ta, kuma baƙon da ya fara da ita ba zai sami wurin gurasa ba, balle kifin da aka kashe wa kuɗi dominsa.