Ƙimar Tsohuwar Bindiga a Tarihin Gombe: Waiwaye Daga Kumbiya-Kumbiya

1.0 Gabatarwa

Idan aka zo rabon gado, a kan yi wa kowace kadara kuɗi kafin a fitar da kason magada. Gona da gida da dabbobi duk suna da farashin da aka sani a kasuwa. Amma tsohuwar ƙaramar bindiga wadda tsatsa ta ci, maƙera suka sha gyara ta, takan ɗaure wa masu rabo kai. Wannan maƙala za ta dubi yadda tarihi zai taimaka wajen ƙiyasta darajar irin wannan makami idan an tsince shi a wani gida na Kumbiya-Kumbiya, cikin garin Gombe.

2.0 Asalin Makamin

Abu na farko shi ne shekarun garin kansa. Buba Yero ya kafa daular Gombe a zamanin jihadin 1804, kuma Gombe Abba ce ta zama hedikwata. Sai a 1919 aka dawo da mazaunin sarauta Gombe Doma, bayan ɗan zama a Nafada. Ashe ke nan duk bindigar da ta girmi wannan shekara baƙuwa ce a unguwar, ƙaura ce ta kawo ta, kuma labarinta yana can inda masu ita suka baro.

Yarjejeniyar Birasal ta 1890 ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu adaka da albarushin kasuwa. Saboda haka libarba ba kayan fatake ba ce ta yau da kullum. Wadda aka fi sani a hannun hafsoshin Ingila ita ce Webley, wadda sojojinsu suka fara riƙewa a 1887. Wannan ne ya sa duk libarbar da aka gani a ƙasar Gombe ake saurin danganta ta da yaƙin Burmi na 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, Manjo Marsh kuma ya halaka. Irin wannan dangantawa tana da daɗin ji, sai dai ƙarfe ba ya ƙarya. Samfurin Webley na shida, alal misali, a 1915 ya fito, don haka ba yadda za a yi a ce ya halarci Burmi, kome ƙarfin riwayar gidan.

3.0 Gyara da Lalacewa

Shaidar da mai bincike zai fara nema ita ce lambar makamin, da hatimin gidan gwajin bindigogi na Bamingam, wanda aka kafa a 1813, da alamar kibiya da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayan sojanta. Abin takaici, mai neman ƙawata bindiga da goge tsatsa yakan shafe waɗannan alamomi, ya zubar da rabin darajarta cikin yini guda.

A wurin masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka, kowane sauyi naƙasa ne. Webley da yawa an kankare musu bayan gidan harsashi don su karɓi harsashin Amurka, farashinsu kuma ya faɗi. Masanin tarihi ba haka yake kallon lamarin ba. Ƙotar da aka sake sassaƙawa da icen gida, ko kunamar da maƙeri ya ƙera da hannu, ko fatar da baduku ya naɗa, duk shaida ce ta fasahar masu sana'a na ƙasar nan. Abin da ya rage mata kuɗi a Landan shi ne ya ƙara mata daraja a Gombe.

4.0 Matsayin Doka

Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da sauran ƙananan bindigogi, har da masu ƙanƙara, cikin haramtattun makamai waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, tsufa kuwa bai fitar da su daga wannan hukunci ba. Daɗin daɗawa, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi. Don haka farashin da dillali zai raɗa wa magada a ɓoye ba ƙima ba ce da za a gina rabon gado a kanta. Hanyar da ta rage musu ita ce su sanar da 'yan sanda, su nemi a miƙa makamin ga gidan tarihi, tare da rubuta sunan mai shi na farko da garin da ya taso.